Kada a Ɗora wa Tsufa Laifin Sakaci

Akwai wata magana guda wadda ta kashe tsofaffi da yawa, har yau kuwa ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba. Maganar nan ita ce, "Ai tsufa ne." Tsoho ya rame har riga ta yi masa yawa, a ce tsufa ne. Ya daina hira, ya koma kallon bango, a ce tsufa ne. Gyambo ya fito masa a kwankwaso, ya yi ta ci har ƙashi ya bayyana, a sake cewa tsufa ne. Ran da ya cika kuwa sai a ce kwana ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Ba mu musun ajali, kowane mai rai yana da ranarsa. Amma wanda ya bar rijiya a buɗe har yaro ya faɗa ciki, ba ya kuɓuta a gaban shari'a don ya ce kwanan yaron ne ya ƙare. To, haka al'amarin tsofaffi ya ke. Tsufa yana kawo furfura da rauni da mantuwa. Ƙishirwa da ƙazanta da gyambon kwanciya kuwa, mafi yawansu aikin mutum ne, watau aikin wanda aka ba amana ya yi sakaci.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Kanada da Faransa akwai gidaje da a ke kira gidajen jinyar tsofaffi. In tsoho ya kai matsayin da ba ya iya wanka ko cin abinci da kansa, 'ya'yansa kuma suna aiki a nesa, sai a kai shi can, a riƙa biyan kuɗi wata wata, ko daga aljihunsa ko daga baitulmalin gwamnati. Ni ban zo faɗa da kasancewar gidajen nan ba, gama akwai nagari a cikinsu, inda ma'aikata ke wahala dare da rana don mutanen da ba su haɗa jini da su ba. Faɗana da mai karɓar kuɗi ne ya ƙi aiki, da mai dubawa wanda ba ya gani, da ɗan da ya miƙa uwarsa ya juya baya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bari in kawo muku labarin gida ɗaya, don kada ku ce zato na ke yi. A kudancin Ingila, a lardin Sasek ta Yamma, an buɗe wani gida mai suna Orchid View a cikin 2009. Sabon gini ne mai kyan gani, na wani babban kamfani da a ke kira Southern Cross, kuma kuɗin zama a cikinsa ya kai wajen fam 3,000 a wata. A cikin 2010 hukumar da ke duba irin gidajen nan ta zo ta duba, ta rubuta cewa gidan yana da kyau. A watan Oktoba na 2011 aka rufe shi. A watan Oktoba na 2013 alƙaliyar binciken mace-mace ta gama sauraron shaidu a kan mutuwar mutum 19 da suka zauna a gidan, ta yanke hukunci cewa sakaci yana da hannu a mutuwar biyar daga cikinsu.

Abin da shaidu suka faɗa ya isa ya hana mutum barci. A kan bar tsofaffi cikin fitsari da bayan gida. A kan ajiye ƙararrawar kira inda hannun tsoho ba zai kai ba, in kuwa ya kai ya buga, sai a daɗe ba wanda ya zo. An ba wata tsohuwa maganin hana jini daskarewa fiye da yadda likita ya rubuta, har aka kwashe ta zuwa asibiti. To, wa ku ke tsammani ya tona asirin nan? Wata akawu ce, ma'aikaciyar ofishin gidan. Ta shaida cewa an umurce ta ta yayyaga takardun magani na tsohuwar nan. Daga baya kuma, da ta ji an sami kuskuren ba da magani har guda 28 a aikin dare ɗaya tak, sai haƙurinta ya ƙare, ta kira 'yan sanda. Ku lura da wannan ƙwarai, ya ku waɗanda kuka koyi karatu da girmanku. Masu laifi sun fi tsoron takarda da kome, shi ya sa ita suka fara nema su hallaka. Wadda ta ceci sauran tsofaffin kuwa, makaminta bai wuce iya karanta abin da ke rubuce da ƙin yin shiru ba.

Laifi na fari a wuyan masu gida ya ke. Kamfanin nan yana da gidaje wajen 750, da tsofaffi 31,000 a cikinsu. An sayar da gine-ginen, kamfanin ya koma yana biyan haya a kansu, haya tana hawa kowace shekara, kuɗin da ke shigowa kuwa bai bi ta ba, har kamfanin ya rushe a cikin 2011. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san abin da ke faruwa in haya ta cinye ciniki. Ba a iya rage haya, sai a rage ma'aikata, gama albashinsu shi ne kuɗi mafi yawa da gidan jinya ke kashewa. Mu yi lissafi. A ce ma'aikaciya ɗaya an ba ta tsofaffi 15, goma daga cikinsu sai an ba su abinci a baki. In kowane ɗaya ya ci minti 20, ya zama minti 200 ke nan, watau sa'a uku da minti 20, a kan abincin rana kaɗai. Kafin ta kai kan na goma tuwo ya yi sanyi, an zo an kwashe kwanuka, an rubuta a littafi wai bai so ci ba. Ba ta juya kowa ba tukuna, ba ta yi wa kowa wanka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka in an kama ƙaramar ma'aikaciya an kora, aka bar mai gidan da ya tsara aikin yadda ba zai yiwu ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

In kuna son ganin iyakar abin da rashin ma'aikata ke jawowa, ku dubi gidan Herron, kusa da birnin Mantiriyal a ƙasar Kanada. Da annobar korona ta shiga a watan Maris na 2020, yawancin ma'aikata suka daina zuwa. Mutanen hukumar lafiya da suka shiga gidan a ƙarshen watan suka tarar da tsofaffi cikin ƙazanta, ba ci ba sha. Mutum 47 suka mutu a gidan cikin 'yan watannin nan. Cuta ta kashe waɗansu, gaskiya ne, amma cuta ba ta hana a miƙa wa mutum moɗar ruwa.

Laifi na biyu na masu dubawa ne. Sufeton da ya shiga ofis aka kawo masa shayi, ya duba takardun da aka shirya dominsa, ya sa hannu ya tafi, wannan ya duba ofis ne kurum. Tsofaffi suna can cikin ɗakuna, kuma labarinsu yana ƙarƙashin bargo. Hukumar da ta yaba wa Orchid View ita da kanta ta amsa daga baya cewa ta yi nawa wajen ɗaukar mataki a kan ƙorafin da ya iso gare ta. Kada kuwa a ce gida ɗaya ne ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin binciken da aka yi a irin gidajen nan, inda biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya suka amsa da bakinsu cewa a cikin shekarar da ta gabata sun aikata wani nau'i na cutar da tsofaffi. A ƙasar Ostireliya, babban kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a 2018 ya fitar da rahotonsa na farko a 2019, sunan da ya sa masa kuwa kalma ɗaya ce, ma'anarta sakaci.

Laifi na uku namu ne, mu dangi. Mutum ya biya kuɗin wata, ya karɓi rasit, ya ɗauka ya sauke nauyi. In ya je gaisuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa minti biyar, ya tambayi ma'aikaciya, "Yaya jikin Baba?" a ce masa da sauƙi, ya yi godiya ya fita. Wannan ba ziyara ba ce. Tsohon da gigin tsufa ya kama ba ya iya kai ƙara, wanda hankalinsa ke nan kuwa sau da yawa tsoro ke hana shi, gama ya san in ka tafi, a hannun wanda ya kai ƙara zai kwana. Sai dai jikinsa ya yi magana a madadinsa, kuma ba a bukatar ilmin likita kafin a ji abin da ya ke faɗa.

Fara da fata. Gyambon kwanciya yana fitowa ne in mutum ya daɗe a gefe ɗaya, nauyin jikinsa ya danne naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa wucewa, naman ya mutu. Cikin 'yan sa'o'i kaɗan ɓarnar ke farawa. Maganinsa kuwa ba ya cin kuɗi, juyawa ne kawai, bayan kowace sa'a biyu zuwa huɗu gwargwadon raunin mutum, da tsabtace fata, da busar da shimfiɗa. Ɗaga bargo ka duba ƙarshen gadon baya, da kwatangwalo, da dugadugai, da kafaɗu, da gwiwar hannu, da ƙeya. Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Littattafan Turawa sun ce a nemi inda fata ta yi ja, alhali kuwa a jikin baƙin mutum ja ba ya fitowa sosai, har ma'aikaci ya duba ya ce lafiya lau. Kai ka nemi inda fata ta fi kewayenta duhu, ko ta yi sheƙi, ka taɓa ka ji ko wurin ya yi zafi, ko tauri, ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. In ka sami haka gyambo yana tafe, ko da fata ba ta fashe ba tukuna.

Sa'an nan ka dubi baki. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai roƙi ruwa ba. In ka ga leɓe ya tsattsage, harshe ya bushe, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ko kuwa mutumin da ya gane ka makon jiya yau ya ruɗe farat ɗaya, kada ka yarda a ce maka tsufa ne. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa rashin ruwa ne, ko ciwon mafitsara, ko wani magani, duka kuwa ana warkar da su in an kira likita da wuri. Dubi inda aka ajiye ruwan. Tulun da ke cike a kan tebur nesa da gado, ga mai shanyewar hannu, daidai ya ke da rijiyar da ba guga.

Dubi tufafi kuma. In zobe ya fara zamewa daga yatsa, ko wando ya daina zama a ƙugu, ko haƙoran roba sun yi masa yawa, mutum yana ramewa ke nan. Gidan kirki ya kan auna nauyin kowa a kai a kai ya rubuta. A Amurka ƙa'ida ita ce, in tsoho ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata ɗaya, ko kashi 10 cikin 100 a wata shida, abu ne da dole a bincika. Watau mai nauyin kilo 60 in ya rasa kilo 3 cikin wata ɗaya, magana ta taso. Hancinka ma shaida ne. Zarnin da ya kama ɗaki har ya shiga labule ba na yau ba ne, yana nuna ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu. Farce mai tsawo da dauɗa a ƙarƙashinsa, da gashin da ya cukurkuɗe, da tabarau da aka jefa cikin akwati, duk suna faɗin yawan lokacin da ma'aikata ke ba mutumin nan.

Akwai wani sakaci kuma mai kama da kwanciyar hankali. Ka shiga gida da hantsi ka tarar kowa na gyangyaɗi a kujera, shiru kamar maƙabarta, ka ce kai, wannan gida akwai natsuwa. Tambayi abin da aka ba su. Tsohon da gigin tsufa ya kama ya kan yi yawo, ya kan yi kira, sai a ga ya fi sauƙi a ba shi maganin masu taɓin hankali ya yi laƙwas da a sami mai zama da shi. A cikin 2009 wani rahoto da gwamnatin Ingila ta sa aka yi ya ƙiyasta mutum 180,000 masu gigin tsufa a ke ba irin maganin nan, waɗanda ya ke amfana kuwa ba su wuce 36,000 ba, kuma yana jawo mutuwar wajen mutum 1,800 a shekara. Igiya ce ta ɗaure mutum, sai dai ba a ganinta. Haka kuma ka lura da yadda tsohonka ya ke in wani ma'aikaci ya shigo. In ya ƙanƙame jiki, ko ya yanke magana a tsakiya, ko ka ga tabo a damtsensa kamar shatin yatsu, to, akwai abin da ya kamata a bi.

In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, ga inda karatunka zai yi maka rana. Sayi ɗan littafi. Duk ran da ka je, rubuta kwanan wata da sa'a, da abin da ka gani da idonka, da sunan wanda ka gaya wa, da amsar da ya ba ka. Nemi a nuna maka takardar juyawa, da ta abinci da ruwa, da ta magani, ka gwada abin da ke rubuce da abin da ke kan gado. In takarda ta ce an juya mutum da ƙarfe goma, kai kuwa kana zaune wurinsa tun ƙarfe tara ba wanda ya shigo, ka kama ƙarya da hannunka. Kada ka riƙa zuwa a rana ɗaya da sa'a ɗaya, har a san lokacinka a yi shiri dominka. Je da sassafe wata rana, wata rana da dare, wata rana daidai lokacin abinci, ka zauna har a gama. Ka kai kukanka ga shugaban gida a rubuce, ka ajiye kwafi. In kwana kaɗan sun wuce ba gyara, ka wuce gaba zuwa hukumar da ke duba gidajen, da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. In kuwa rai na cikin haɗari, likita da 'yan sanda za ka kira nan take. Maganar baki iska ce, mai gida yana iya cewa bai ji ba, amma ba ya iya musun takarda mai kwanan wata.

Wani zai ce yawan tambaya rashin kunya ne, zai ɓata wa ma'aikata rai. Ma'aikaciyar kirki murna ta ke yi da dangin da ke zuwa, gama ƙararsu ce ke tilasta wa mai gida ya ƙara mata abokan aiki. Wadda ke jin haushin a ɗaga bargo kuwa, ta san abin da ke ƙarƙashinsa. Kunyar da za ta sa uwarka ta kwana cikin fitsari ba ta cikin kunyar da aka yaba.

Gwamnati ma tana da nata, kuma an ga abin da ke aiki. Bayan kwamitin Ostireliya ya miƙa shawarwari 148 a 2021, aka yi doka cewa daga watan Yuli na 2023 kowane gida sai ya kasance da cikakkiyar nas dare da rana, daga watan Oktoba na shekarar kuma aka ƙayyade minti 200 na kulawa ga kowane tsoho a yini, bisa matsakaicin lissafi, aka ƙara zuwa 215 a 2024. Dokar da ta ce a kula da tsofaffi da kyau, kowa na iya rantsuwa ya bi ta. Dokar da ta faɗi adadi kuwa ana iya ƙirgawa a kama mai ha'inci. Sai a haɗa da dubawa ba sanarwa, da kariya ga ma'aikacin da ya tona ɓarna, don kada gaskiya ta zama sanadin rasa abincinsa.

Na san abin da waɗansunku ke cewa a zuci: wannan ai matsalar Turawa ce, mu tsofaffinmu suna gida tare da jikoki. Alhamdu lillahi da haka, Allah ya sa ta ɗore. Amma gyambo bai san bambancin gadon Ingila da tabarmar ɗakin baya ba. Tsohuwar da aka ajiye a ƙuryar gida, a ke tura yaro ya miƙa mata tuwo ya gudu, ba mai duba ko ta ci, ba mai juya ta, halinta ɗaya da na mutanen Orchid View, har ma su sun fi ta da abu guda, gama an sami alƙaliyar da ta tambayi dalilin mutuwarsu. Ban da haka, 'ya'ya suna ta watsuwa birane da ƙasashen waje neman abinci, an soma ganin gidajen tsofaffi a manyan garuruwa irin su Ikko, kuma a 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Nijeriya. Tun daga 2022 kuma dubban 'yan Nijeriya sun tafi Ingila aiki a irin gidajen nan, iyayen waɗansu suna hannunsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya fi kyau mu sa ƙa'ida tun gidajen suna kaɗan, da mu jira sai mun ƙirga gawa.

Duk wanda ya yi karatun allo har ya kai Suratul Isra'i ya san inda aka ajiye hakkin iyaye sa'ad da tsufa ya same su, dab da hakkin Mahalicci. Hakkin nan ba a sayar da shi, ba a kuwa ba da shi haya. Kana iya ɗaukar mai taya ka aiki, amma tambayar tana kanka. Saboda haka wanda ke da tsoho, ko a gidan jinya ko a ɗakin baya, ya tashi yau ya je, ya ɗaga bargo, ya duba dugadugai, ya ba shi ruwa da hannunsa, ya zauna ya ji abin da zai ce. In wani ya ce maka ai tsufa ne, ka tambaye shi yaushe aka juya shi, me ya ci, wa ya rubuta. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya haɗa mu da masu jin ƙanmu ran da ƙarfinmu ya ƙare, amin.